LAFIYA UWAR JIKI: Laka a cikin fitsari, ruwa ba ya tsami banza

Zancenmu na wannan mako ba irin wanda aka saba yi a fada ko a bakin kasuwa ba ne, domin kunya ta daɗe da rufe shi. Amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Don haka ina neman gafarar dattawa da iyayenmu mata, zan ambaci fitsari da sunansa tun daga farkon wannan fili har ƙarshensa.

A watan Afrilun da ya wuce na je gida, wani ƙauye na kwarin Tarka kusa da Madawa, ana tsakiyar cirar albasa. Bayan sallar la'asar kawuna ya ja ni bayan rudun da yake ajiye albasarsa, ya waiga gabas ya waiga yamma, sannan ya zaro ƴar kwalba daga aljihu. Fitsarinsa ne na safe. A gindin kwalbar wani gari ya kwanta, ja-ja kamar an daka jar ƙasa.

Ya ce, "Ɗana, kai da ka yi lakwal, duba mini wannan. Wata biyu ke nan ina ganinsa. Wani ya ce yashin rijiya ne na ke sha, wani ya ce sanyi ne, wani ma ya ce jifa aka yi mini."

Ashe har ya kashe kuɗin buhun albasa wajen masu tallar magani ranar kasuwa, ya haɗiye kafso ja da rawaya iya ƙarfinsa, ya bi da jiƙon kanwa safe da yamma. Ga tsoro ya hana shi barci, ga kunya ta hana shi faɗa ma iyalinsa. Na ce, "Kawu, ni ɗan jarida ne, ba likita ba. Gobe in Allah ya kai mu sai asibiti."

Da safe muka tafi tare da ɗansa mai shekara 11. Muna zaune muna jiran sakamako, sai majo ya dubi yaron ya tambaye shi ko yakan ga jini idan ya gama fitsari. Yaro ya sunkuyar da kai. Kawu ya yi dariya ya ce, "Wannan ai na yara ne, duk mun yi shi." Majo bai ce komai ba, ya miƙa ma yaron kwalba. Da takardu biyu suka fito, ta kawu ba ta nuna komai ba sai gishirin da ƙishirwa ke tarawa. Ta yaron kuwa cike da ƙwan tsargiya. Wanda ya kwana wata biyu cikin fargaba, maganinsa na cikin randa. Wanda ba a kula da shi ba, shi ne majinyacin.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Laka a cikin fitsari alama ce, kuma abubuwan da ke kawo ta suna da yawa. Wasu ba su kai a tashi daga barci saboda su ba, wasu kuma suna cin ƙoda a ɓoye. Ido kaɗai ba ya iya raba su.

Daga ina lakar ke fitowa?

Mu fara da kawar da zancen yashin rijiya. Gaskiya ne ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce da farar ƙasa, ita ce ma ake haƙa a Malbaza a yi siminti. Gaskiya ne kuma ruwan wasu rijiyoyinmu yakan bar fari a gindin buta da tukunyar shayi. Shi ya sa mutum in ya ga gari a fitsarinsa sai ya ce abin da ya kama buta ne ya kama shi. To amma cikin ɗan Adam ba buta ba ne. Babu wata hanya da ta tashi daga hanji ta faɗa mafitsara kai tsaye. Yashi da lakar da aka sha suna bin hanji su fita ta bayan gida. Fitsari kuwa daga jini yake fitowa. Ƙoda biyu suna tace wajen lita 180 na ruwan jini a kwana guda, su mayar da kusan duka cikin jiki, su fitar da wajen lita ɗaya da rabi. Cikin wannan ɗan ruwa ne jiki ke narkar da gishiri iri-iri da sauran dattin da ba ya bukata.

Ke nan duk abin da aka gani ya kwanta, ɗayan biyu ne: ko gishirin jiki ne da ruwan ya kasa riƙewa, ko kuma wani abu ne da ya zubo daga hanyar fitsarin kanta, kamar mugunya, jini, ko ƙwan tsutsa.

Ƙishirwa

Ku ɗauki sukari cokali goma ku zuba a ƙaramin kofin shayi. Komai motsawa sai ya kwanta. Ku zuba shi a babban kwano, ba za ku ga ko ƙwaya ba. Haka fitsari yake. A watannin Afrilu da Mayu zafin jihar Tawa yana wuce digiri 40, kuma mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da lita guda ta gumi cikin awa ɗaya. Manomin albasa na Madawa da ke ban ruwa tun hantsi, matar Buza da ke hawa da sauka tsakanin duwatsu da tulu a kai, makiyayin Keita da ke bin dabbobi, dukansu suna wuni a kan aikin ruwa, alhali su kansu ba su sha isasshe ba. In jiki ya ga ruwa ya yi ƙaranci sai ƙoda ta riƙe shi, fitsari ya zama kaɗan, ya yi duhu, ya yi wari. In aka bar shi ya huce, gishirin ya kwanta ja-ja. Irin na kawu ke nan. Mun ga yadda abin ya tsananta ga jama'a a azumin 2021 da na 2022, da suka faɗo cikin tsakiyar zafi.

Akwai kuma farar laka mai kama da an ɗiga nono, wadda takan zo wani lokaci bayan an ci abinci, musamman ga mai yawan shan kanwa. A ɗakin bincike an daɗe da sanin bambancinsu: ja yana narkewa in aka ɗumama fitsarin, fari yana narkewa in aka ɗiga masa ruwan tsami, mugunya kuwa tana nan daram ko an yi mata duka biyun.

Gishirin ƙishirwa shi kaɗai ba ciwo ba ne. Amma in abin ya daɗe, ƙwayoyin gishirin kan manne da juna su zama tsakuwa a cikin ƙoda. Ƙarama, wadda ba ta kai milimita 5 ba, sau da yawa takan fita da kanta, ko da yake wanda ya taɓa fitar da ita ba ya mancewa: ciwo ne da ke tasowa daga kwiɓi ya gangaro mara, ya hana zama ya hana kwanciya, har da amai. Babba kuwa tana iya toshe hanya, fitsari ya koma baya, ƙoda ta kumbura ta lalace. Ƙananan yara maza na ƙasashe masu zafi, waɗanda abincinsu kusan duka hatsi ne kuma zawo ke yawan ƙarar musu da ruwa, sukan yi tsakuwa a mafitsara. In kuka ga yaro yana kuka lokacin fitsari, yana jan gabansa, fitsarin yana yankewa yana dawowa, kada ku ce rigima ce.

Game da kanwa, akwai irin tsakuwar da likita ke narkarwa da magani mai aiki kusa da nata, akwai kuma irin da kanwa ke ƙara ma girma. Wanda bai san irin tasa ba yana harbi ne cikin duhu, ga shi kuma gishirin kanwa ba abokin mai hawan jini ba ne. Abin da likitoci suka haɗu a kansa shi ne ruwa. Wanda ya taɓa yin tsakuwa ana so ya sha har fitsarinsa ya kai lita 2 zuwa 2 da rabi a kwana, ya rage gishiri a miya. Ma'aunin talaka mai sauƙi ne: a sha har fitsari ya yi haske. Kofin shayi uku ba su maye gurbin moɗa guda ba. Mai azumi ya rarraba shansa tsakanin buɗa-baki da sahur. Ruwan rijiya mai barin fari a buta, in dai mai tsabta ne, ƙin shan sa ya fi shan sa illa.

Mugunya

Dalili na biyu shi ne ƙwayoyin cuta da ke shiga hanyar fitsari. A nan fitsarin yana fitowa ne a gurɓace tun da ɗuminsa, ba sai ya huce ba. Ga zafi wajen yi, ga yawan zuwa makewayi a ɗiga kaɗan, ga nauyi a mara. Abin ya fi samun mata, domin hanyar fitsarin mace ba ta wuce santimita 4 ba, ta namiji kuwa ta kusa 20. Mai ciki ta fi kowa shiga haɗari, don cutar tana iya hawa ƙoda, tana iya sa haihuwa kafin lokaci. Shi ya sa ake awon fitsari wajen awon ciki, kuma bai kamata maigida ya ɗauki wannan awo a matsayin ɓata kuɗi ba.

Dattijon da ya wuce shekara 50, akwai wata tsoka a ƙarƙashin mafitsarar namiji, likitoci na ce mata furostat, wadda ke girma da shekaru ta matse hanya. Fitsari ba ya ƙarewa duka, ragowar ta zauna ta gurɓace kamar ruwan kududdufi. Akwai kuma ciwon sanyi da ake ɗauka wajen saduwa, mai fitar da farin ruwa ko da ba a yi fitsari ba. Wannan sai an yi ma miji da matansa magani tare, in ba haka ba ana zuba ruwa ne a kwando. Mai ciwon sukari shi ma cututtukan fitsari na yawan kama shi. Wanda ya ga kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari, ga ƙishirwa ga rama, ya nemi a auna masa sukari.

A nan ne masu tallar magani ke yi mana ɓarna. Kafso biyu yau, uku jibi, ba su kashe cutar, sai dai su koya mata jure magani, su kuma ɓata sakamakon bincike. Ƙwayoyin kashe ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, in aka yi ta shan su cikin ƙishirwa, su kansu suna raunana ƙoda. Araha ba ta ado.

Tsargiya

Na uku shi ne wanda ya kama ɗan kawu, kuma shi ne muka fi rainawa. Ni kaina, muna yara, mun yi wanka a tabki bayan damina, kuma ba na mance yadda muke yi ma wanda bai fara fitsarin jini ba dariya, wai bai zama namiji ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Tsargiya, wadda ake ce ma bilharziose da Faransanci, ta samo wannan suna daga wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, wanda ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Tsohuwar cuta ce, don a 1910 an samu ƙwanta a gawarwakin mutanen Masar na zamanin Fir'auna. Ga yadda take zagayawa. Mai cutar ya yi fitsari a tabki, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ƴan tsutsar su shiga wani ƙaramin dodon koɗi mai zama cikin ciyawar ruwa. Bayan wata guda ko fiye su fito da dubbai, ido ba ya ganinsu, su huda fatar mai wanka, mai wanki, mai kamun kifi ko mai ban ruwa. A cikin jiki su girma, su zauna a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara shekara 3 zuwa 5, wani lokaci fiye, macen tana zuba ƙwai kullum. Ƙwan yana da ƙaya. Wanda ya huda bangon mafitsara ya fita, shi ke kawo ɗigon jini a ƙarshen fitsari. Wanda ya maƙale, shi ke kawo gyambo da tabo.

Jinin yakan ragu idan yaro ya girma, sai a ce ya warke. Alhali tabon yana nan, yana iya matse hanyar da ta taso daga ƙoda, yana iya zama sanadin ciwon daji na mafitsara bayan shekaru, abin da cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar tun 1994. Ga mata, ƙwan yakan sauka a mahaifa da al'aura, ya kawo ciwon mara da zubar jini da wahalar samun ciki, a yi ta yi musu maganin sanyi a banza, wani lokaci har da zargi. Ga yaro ɗan makaranta, ƙarancin jini ne da kasala da rashin riƙe karatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum fiye da miliyan 250 ne ke bukatar maganin wannan cuta, kuma wajen 9 cikin 10 a Afirka suke.

Ba wanda zai zagi ruwa a ƙasar Adar. Aikin raya karkara na Keita, da aka fara a 1984 da taimakon Italiya da hukumar FAO bayan babban fari, ya tare ruwa a kwaruruka, ya dasa miliyoyin itatuwa, kuma iyayenmu mata ne suka ɗauki yawancin duwatsun a kansu. Baraji irin na Ibohamane da fadamun Magiya da Tarka su ne abincinmu na rani. Amma duk ruwan da ya tsaya, ake wanka a ciki ake kuma fitsari a bakinsa, gida ne da tsargiya ke iya kamawa. Laifin ba na baraji ba ne, na rashin makewayi ne a kusa da shi.

Magani kuwa akwai, sunansa praziquantel, ana shan sa sau ɗaya gwargwadon nauyin mutum, miligiram 40 ga kowane kilo, bayan an ci abinci. A 2004 Nijar ta fara rarraba shi ga ƴan makaranta a ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da tsargiya, da wannan sanda mai zane da ake auna tsayin yaro a san ƙwaya nawa za a ba shi. Wani bincike na cibiyar CERMES ta Yamai, da aka buga a 2008, ya samu cutar ga wajen kashi 75 cikin 100 na yaran wasu makarantu da ke yankunan ruwa. Shekara guda bayan shan magani sau ɗaya, adadin ya sauko zuwa kashi 38. Sai dai maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne, ba ya hana sabuwa shiga. Kuma yaron da ba ya zuwa lakwal, almajiri, ɗan makiyayi, yarinya mai talla, su ne suka fi shiga ruwa, su ne kuma rabon ya fi saurin tsallakewa. Ɗan kawu ranar da aka zo rabon yana gonar albasa.

Yadda za a karanta takarda

Awon fitsari ba babban aiki ba ne. Akwai ɗan tsinken takarda da ake tsomawa, cikin minti biyu ya canza launi ya nuna jini, sukari ko alamar mugunya. Sannan a duba lakar a madubin likita. In ana zargin tsakuwa ko kumburin ƙoda sai a yi eko. Ku karɓi kwalba mai tsabta daga wurinsu, ku kai da wuri kafin awa biyu, kada ku kawo na jiya irin na kawu. In mugunya ake nema, a yi tsarki, a bar na farko ya zuba, a tari na tsakiya. In tsargiya ake nema, a tari na tsakanin ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 2 na rana, har da ɗigon ƙarshe. Mace mai jinin al'ada ta faɗa ma ma'aikaciya, don jinin al'ada, farin ruwa na mata, da ragowar maniyyi duk suna gurɓata fitsari ba tare da wani ciwo ba.

Tunda takardun asibitinmu da Faransanci suke zuwa, ga fassarar kalmomin da za ku tarar. Cristaux, gishiri ne. Leucocytes, in sun yi yawa, mugunya ce. Hématies, jini ne. Œufs, ƙwan tsargiya ne. Glucose, sukari ne. Albumine ko protéines kuwa wani sinadari ne na jini da lafiyayyar ƙoda ba ta bari ya zube. Shi ke sa fitsari kumfar da ba ta kwanciya, kuma ga mai ciki da ƙafafunta suka kumbura, yana iya zama gargaɗin hawan jini mai kawo jijjiga.

Wanda ya ga laka kaɗai, ba zafi ba jini ba masassara, ya ƙara shan ruwa kwana biyu ko uku. In ta wanke, alhamdu lillahi. In ba ta wanke ba, ya je a auna. Amma akwai waɗanda ba a ba su izinin jira ba: mai masassara da rawar ɗari tare da ciwon kwiɓi, mai ganin jini, wanda fitsari ya tsaya masa, wanda fuska da ƙafafu suka kumbura, mai ciki, da ƙaramin yaro. Waɗannan su kama hanyar asibitin Madawa, na Buza, na Keita, na Galmi ko na Tawa a ranar. Ƙodar da ta mutu ba ta tashi. Abin da ya rage sai injin wankin jini a manyan asibitocin birane, sau biyu ko uku kowane mako, awa huɗu kowane zama. Manomi ya lissafa buhun albasa nawa ke nan.

Ga magabata kuma, roƙonmu ba mai tsada ba ne. A tabbatar tsinken awon fitsari bai yanke ba a gidajen likita na karkara. Magadan gari su sa makewayi da famfo a bakin kowane baraji cikin lissafinsu. A sanar da ranar rabon magani a masallatai da kasuwanni da makarantun allo, kada a tsaya ga lakwal kaɗai. Masu gonaki su ajiye ma ƴan ƙwadago randa a inuwa. Iyaye kuma mu yi ma ƴaƴanmu tambayar da majo ya yi, wadda ba ta ɗauke shi minti guda ba.

Yanzu kawu ba ya fita fadama sai da jarkar ruwa a bayan keke. Yaron ya sha ƙwayoyinsa, jinin ya tsaya, an kuma ce a mayar da shi a sake aunawa bayan damina, tunda tabki bai tashi daga inda yake ba. Da zan dawo kawu ya raka ni bakin hanya, ya ce, "Ɗana, in za ka rubuta, ka rubuta, amma kada ka sa sunana." Na cika alkawari.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.